Rawanin Hukma Yana Cikin Akwatina

Ni, Jorawar Singh, wanda a da ake ce wa Rao, wato sarki, na Kesarwara, daga baya aka ce Babban Ministan jiha, yau kuma yaran makaranta ke ce wa Guruji, wato Malam, na rubuta wannan wasiyya da hannuna, kwana tara bayan bikin fitilu na Diwali, ina da shekara saba'in da bakwai. Hankalina ɗaya, babu wanda ya tsaya a kaina. Jiya ma na nuna wa 'yan aji bakwai yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana, da lemo da fitila, na kuma kama biyu suna leƙen littafin juna. Saboda haka kada lauyan kowa ya ce tsoho ya rikice. Zuciyata ce kawai ta gaji. Likita ya ce da wuya ta kai ni bikin Holi, nan da wata huɗu, kuma na kalli fuskarsa yana faɗa, na gane kara ya yi mini.

Zuwa gare ku, Himmat ɗana da Sugan 'yata. Kwafi biyu na rubuta, babu kalmar da ta bambanta, domin shekara shida ke nan ba ku zauna a ɗaki ɗaya ba, kuma ba na so ɗayanku ya ji maganata daga bakin lauyan ɗaya.

Na ɗaya. Mu fara da mai sauƙi, yadda nake ce wa yara su fara jarrabawa da tambayar da suka sani. Fada da takubba da bindigogin farauta da hotunan kakanni na Himmat ne. Kayan adon mahaifiyarku da ɗakinta na sama na Sugan ne. Littattafaina duka na makarantar da ke tsohon ɗakin giwaye ne, a hannun shugabarta, Malama Kamla Joshi. Kada a kulle su a kabad ɗin gilashi. A bar yara su taɓa su da hannu mai maiƙo, don haka aka yi su. Makarantar nan kada wanda ya tashe ta. Yara ɗari uku da goma sha biyu ne a ciki, ɗari da arba'in mata, kuma a cikin duk abin da na yi a duniya ita kaɗai nake iya kallo ban sunkuyar da kai ba.

Na biyu. Kun taso kuna ganin ana rataya mini furanni a wuya, ba ku taɓa jin labarina daga bakina yadda yake ba. Ku ji shi yanzu, don abin da zan roƙe ku ba zai shiga kanku ba sai da shi.

An naɗa ni ina ɗan shekara ashirin da uku. Shekara goma sha uku na yi ina mulkin gari ɗaya da ƙauyuka ɗari biyu da shida. In na ce a haƙa rijiya, kafin damina an haƙa. Da Turawa suka tafi aka ajiye mana takarda, muka sa hannu, ƙasata ta koma gunduma a cikin jiha. Wasu sarakunan suka koma ga farauta da kwalba. Ni na ce ban tsufa ba, zan nemi ƙuri'a kamar kowa. Ranar da na fara fita, mahaifiyarku ta dube ni cikin farar riga marar ado ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi kama da mai tallar magani a tasha. Mutanen da kakanka ke auna wa hatsi, yau su za ka je ka roƙa?" Na ce mata haka zamani ya zo. Ta ce, "To ka koyi roƙon da kyau, don ba ka iya ba."

Ba a ma bar ni na koya ba. Tsofaffin mata sukan shiga rumfar zaɓe su ajiye kwakwa da furanni a gaban akwati, su fito suna cewa sun gaida Annadata, mai ciyarwa. Sau biyar na tsaya, ban taɓa faɗuwa ba. Na ɗauka jawabaina a kan makarantu da hanyoyi suke zaɓa. Hatsin kakana suke zaɓa. Na daɗe a ɓangaren adawa, har wata shekara babu jam'iyyar da ta sami rinjaye, sai na haɗa kai da Pandit Kedar Vyas, mai kujera goma sha ɗaya a majalisa, na zama Babban Minista. Shekara uku babu wata biyu na yi a kujerar.

Ga abin da na koya a can. Rao in ya faɗi magana ta zauna. Babban Minista in ya faɗa, sai ta bi ta teburi goma sha biyu, kowane teburi ya gutsuri nasa. Wannan kaina ya san shi sarai, har nakan koya wa sababbin 'yan majalisa. Jikina ne bai taɓa koya ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan takarda. A ƙasan kabad ɗin ɗakin karatuna akwai baƙin akwatin ƙarfe, mabuɗinsa yana rataye a wuyana. Ba zinariya a ciki. Rawani ne ja mai ɗigon fari, na auduga mai kauri, irin na manoma, har yau a naɗe yadda mai shi ya ciro shi daga kansa. Na Hukma ne, mai garin Amliya.

Kun san abin da ke tsakanin gidanmu da Amliya, amma zan maimaita, don Himmat yakan yi kamar ya manta. Kakanmu na fari, da 'yan'uwansa suka koro shi, mai garin Amliya ne ya ɓoye shi a rumbu damina guda. Tun daga nan ba a naɗa Rao sai da hannun mai garin Amliya. Rana ta goma sha biyu bayan mutuwar uba, shi ke ɗora wa magaji rawani, ya dangwala masa alama a goshi da babban yatsansa. Mahaifin Hukma ne ya naɗa ni. Har yau ina jin warin taba da ƙasa a hannunsa.

Kun kuma san abin da ake nufi a ƙasarmu in mutum ya cire rawaninsa ya ajiye a gaban ƙafar Rao. Ba shi da sauran abin bayarwa ke nan. Rao kuwa hanya biyu gare shi. In ba zai iya ba, sai ya ja da baya taku ɗaya, ya ce wa dangin mutumin su ɗauka su mayar masa, ba a kunyata kowa ba. In kuwa ya sunkuya ya ɗauka da hannunsa, ya ɗauki nauyin ke nan. Mutumin zai zauna kai a buɗe har ranar da Rao ya cika alkawari, ya mayar masa da rawanin a ka. Mahaifina ya yi shekara talatin a sarauta, sau biyu kacal ya sunkuya.

A shekarata ta biyu a ofis aka kawo maganar madatsar ruwa a Kogin Sonri. Tun kafin na hau aka zana ta. Za ta shayar da gundumomi uku na ƙasan kogin, inda Vyas ke da jama'arsa, ta kuma haɗiye ƙauyuka goma sha huɗu na tsohuwar ƙasata, Amliya a gaba. Akwai wani wurin da injiniyoyi suka auna, mil tara can sama, inda ƙaya da duwatsu kawai ruwa zai ci, sai dai ruwan da zai tara bai kai na farkon ba. Ina rangadi a bazarar shekarar, da tsakar rana, ina tsaye a barandar gidan saukar baƙi, sai ga Hukma da mutum wajen ɗari biyu a ƙafa. Bai kawo takardar koke ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Annadata, an ce ruwa zai hau kan tsamiyar da kakanka ya ɗaure dokinsa. Mu ba mu iya takarda ba. Ga abin da muka iya." Ya ciro rawanin da hannu biyu ya ajiye a kan takalmina.

Ban yi tunani ba. Shekara ashirin ina neman wata amsar da ta fi wannan, ban samu ba. Hannuna ne ya riga kaina. Kafin na tuna cewa ni yanzu ma'aikaci ne, na riga na miƙe da rawanin a ƙirjina, jama'a suna ihu, tsofaffi suna kuka. A mota sakatarena, Mista Raghavan, mutumin kudu ne, bai san komai namu ba, ya tambaye ni da iyakar gaskiyarsa, "Yallaɓai, wannan ƙyallen a wane fayil zan sa shi?" Na yi dariya har da hawaye. Da na isa gida mahaifiyarku ba ta yi dariya ba. Ta dubi abin da ke hannuna ta ce, "Da wane hannun ka ɗauka? Na Rao an karɓe shi tuntuni. Na ministan kuwa iyayen gidansa ɗari da tamanin ne a majalisa. Ka tambaye su kafin ka sunkuya?"

Na yi ƙoƙari, wannan kam ku yarda da ni. Wata huɗu ina tura fayil ɗin wurin na sama yana dawowa. Ƙarshe Vyas ya gayyace ni cin abincin rana a gidansa, ya cika mini faranti da alewar madara da hannunsa, ya ce, "Rao Sahib, nan fa ba fada ba ce, ba a ajiye mana rawani, hannu ake ɗagawa. Ni ina da goma sha ɗaya. Kai kuma kana da dokar makarantun nan da kake so kamar ka goya ta. Ci alewa ka zaɓi ɗaya."

Dokar nan ita ce burina tun ina saurayi: makaranta a kowane ƙauye mai mutum ɗari uku, makarantu ɗari tara ke nan a faɗin jiha. Abin da ya kamata na yi a bayyane yake, ko ɗan aji uku zai faɗa. Shi ne na ajiye kujerar, na ɗauki rawanin, na je na zauna da su a gindin tsamiya, duk abin da zai same su ya same ni. Maimakon haka sai na yi lissafi irin na malami. Ƙauye goma sha huɗu a wannan gefe, makaranta ɗari tara a wancan. Amsa ta fito da kyau a takarda. Na sa hannu a yi madatsar a wurin farko. Bayan wata bakwai Vyas ya janye mutanensa duk da haka, gwamnatina ta faɗi, ya hau kujerar. A cikin ɗari taran nan, sittin da ɗaya aka gina.

Ga wanda ya fi ci mini rai. A zaɓen da ya biyo baya na sake tsayawa, kuma Amliya kaf ni ta zaɓa. A ganinsu rawani yana hannun Rao, bai ce ya fasa ba, magana tana nan. Suna jefa mini ƙuri'a ana zuba kankare a kogi. Shekarar da ruwa ya hau na ajiye kujerata a majalisa, na share ɗakin giwaye, na sayo allo da alli. Jaridu suka ce na yi abin kirki. Ɓuya na yi.

An kwashe su zuwa wani tudu mai duwatsu da aka sa wa suna Sabuwar Amliya. Rijiyarsa gishiri. Gero in ya kai gwiwa ya gama. Rabin mazan suka watsu birane suna fasa dutse. Hukma kuwa bai sake ɗora komai a kansa ba. Da rana, da sanyi, a kasuwa, a auren 'ya'yansa mata uku, namiji mai furfura kai a buɗe kamar mai zaman makoki. Matasan wasu ƙauyuka har tsokanarsa suke yi, su ce Baba ko ɓarawo ne ya ɗauke? Sai ya ce, "Ajiya na bayar, a gidan da ba a ɓatar da ajiya." Bai taɓa zagina ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na sami sauƙi.

Sau biyu na nemi mayarwa. Na farko na aika wakilin fada da shi a naɗe cikin siliki, da ɓauna biyu na gida masu madara. Kafin la'asar rawani da ɓauna suka dawo. Na biyu, bayan rasuwar mahaifiyarku, na tafi da kaina. Ya zaunar da ni a gadon igiya, aka kawo gurasar gero da ɗanyar albasa da tsala. Ya dube ni ya ce, "Annadata, ka rame. Ashe siyasa ba ta ciyar da mai ita?" Muka yi dariya. Da na buɗe jaka na fito da rawanin, sai ya ce, "Ka zo da ƙasa?" Na ce a'a. Ya ce, "To riƙe mini tukuna. Kan nan ya saba da rana." Ya raka ni har mota.

Bazarar da ta wuce ya mutu. Rana ta goma sha biyu dangi suka kawo sabon rawani za su naɗa wa babban ɗansa, Deva. Ya ture hannunsu ya ce, "Rawanin gidanmu yana fada." Saboda haka yau Amliya ba ta da mai gari. Kuma ka lura da kyau, Himmat: babu mai gari a Amliya, babu hannun da zai naɗa ka.

Na huɗu. Za ku ce to me ya hana ni ba su ƙasa, ga Shikarbari, tsohon dajin farautarmu, eka ɗari shida da arba'in, baƙar ƙasa, ga tafkin da ba ya ƙafewa? Sugan ta san amsar, ta kasa tabbatar da ita ne kawai. Shekara guda bayan hawan ruwa aka yi dokar da ta ƙayyade yawan gonar da gida ɗaya zai riƙe, abin da ya yi saura a raba wa marasa gona. Mutanen Amliya ne a saman jerin gundumarmu. Da na naɗe hannuna na yi shiru, doka da kanta za ta cika mini alkawarina. Amma a shekarun nan an karɓe laƙabinmu, an karɓe masu gadin ƙofa, na ji kamar ana tuɓe ni a kasuwa, na ce wannan ɗaya kam ba za su samu ba. Na kira lauya. Aka yanka Shikarbari gunduwa-gunduwa a takarda, aka rubuta sunayen barori da dangi na nesa, har da mutum biyu da suka riga mu gidan gaskiya, sannan aka tattara ikon duka aka sa a hannun Himmat. Da safe ina koya wa yara su faɗi gaskiya, da yamma ina wannan. Rawanin Hukma yana cikin kabad, taku uku daga teburin da na sa hannu.

Shi ya sa ba zan iya rubuta "na bar wa Amliya Shikarbari" ba. Ba tawa ba ce a takarda. Da dabarata na ɗaure hannuna. Abin da ya rage mini roƙo ne, wanda mahaifiyarku ta ce ban iya ba.

Na biyar, Himmat. Na san kana so ka mai da Shikarbari otal, masu yawon buɗe ido su zo su ga ɗawisu. Na san kana shirin tsayawa takara a jam'iyyar ɗan Vyas, ban kuma hana ka ba. Na tuna abin da ka ce mini bara a kan tebur, da sunan da kuke kirana da shi tun kuna yara: "Data, zamanin nan ya wuce. Rawani ƙyalle ne, mita tara, ana sayarwa a kasuwa." Ga amsata yanzu. In ƙyalle ne, me ya sa aka buga hoton kakanka da rawani a takardun tallan takararka? Mutanen nan ba don otal za su zaɓe ka ba. Don sun yarda cewa ɗan gidan nan in ya sunkuya ya ɗauka zai cika, shi ya sa. Ni na ci wannan yardar na tsawon shekara ashirin ban mayar da komai ba. Kai kana so ka ci ragowar.

Abokanka za su ce maka a ɗauko babban malamin ibada daga birni ya naɗa ka, a kira masu hoto, wa zai sani? Kowace tsohuwa a ƙauyuka ɗari biyu da shida za ta sani. Ba za su ce komai ba, za su ma zo su ci abinci. Amma sun sani.

Ga abin da nake roƙonka. Kafin rana ta goma sha biyu, ka ɗauki akwatin da takardun Shikarbari. Ka riƙe gidan farautar da eka goma na kewayensa, ka yi otal ɗinka. Sauran a rubuta wa gidaje ɗari da casa'in da suka rage a tudun nan. Kada ka aika kowa, na gwada, ka ji yadda ta ƙare. Ka bar mota a bakin titi, ka hau da ƙafa, kanka a buɗe. Ka ba Deva takardun tukuna, sannan ka ɗora masa rawanin ubansa da hannunka. Daga nan shi zai zo ya naɗa ka, ba sai ka roƙa ba.

Kana ɗan shekara takwas ka taɓa ƙin cin abinci kwana guda don an doki mai kula da dawaki a kan laifin da kai ka yi. Wannan yaron nake rubuta wa. Ban sani ba ko yana nan. In kuma ka shiga majalisa wata rana, ka koyi abin da ban koya ba: ja da baya taku ɗaya. Ka ce ba zan iya ba tun mutum yana da sauran lokacin neman wata ƙofar. Da na ja da baya a barandar nan, da Amliya ta tafi kotu, ta tafi jaridu, ta tare hanya. Saboda sun yarda da ni suka koma gida suka zauna suna jira, har ruwa ya iso bakin ƙofa.

Na shida, Sugan. Shekara shida da suka wuce, da kika shigar da ƙara a madadin mutanen Amliya, kin zo ɗakin karatuna kika ce, "Data, layi ɗaya kawai za ka rubuta, ka ce sunayen nan na bogi ne." Na dafe ƙirji na ce likita ya hana ni tashin hankali. Kika ce, "Zuciyar taka tana zaɓen ranar ciwo." Gaskiyarki. Yanzu na rubuta, shafi huɗu, da sunan kowa da ranar da aka yi, na sa hannu a gaban shaidu biyu. Ambulan ɗin yana wurin Malama Kamla, za ta ba ki ranar da na cika.

Abu ɗaya nake roƙonki: ki riƙe shi kwana goma sha biyu. In ɗan'uwanki ya hau tudun nan, ki ƙona shi, ki janye ƙarar. In bai hau ba, ki kai kotu rana ta goma sha uku, kada ki tausaya wa sunana, bai cancanta ba. Sai dai kin fi ni sanin kotu. Shari'ar iyakar gona da aka fara zamanin mahaifina har yau ana ɗage ta. Ko da takardata a hannunki, za a ɗaukaka ƙara, a sake ɗaukakawa, Deva ya mutu kai a buɗe kamar ubansa, ɗansa ya gaje shi a haka. Abin da kotu za ta yi a shekara ashirin, hannun Himmat zai yi shi a wuni ɗaya. Don haka kada ki tura shi bango. Kin kira shi ɓarawo a jarida. Ba shi ne ɓarawon ba. Yana da shekara ashirin da takwas, ya sa hannu a inda ubansa ya nuna masa da yatsa. Kuma ki sani, tun da kika daina ɗaura masa zaren rakhi, wanda 'yar'uwa ke ɗaura wa ɗan'uwanta a hannu kowace shekara, duk ranar bikin riga mai dogon hannu yake sawa, komai zafi, don kada a ga wuyan hannunsa babu komai. Ki je wurinsa da kanki a kwanakin nan, ba da baƙar rigar lauya ba.

Na bakwai, gawata. A fitar da ni kai a buɗe. Malamin ibadar gidanmu zai ce ba a taɓa kai Rao wurin ƙona gawa babu rawani ba, dattawan dangi za su ce abin kunya ne. Ku nuna musu wannan layin. Mutumin da ya bar wani a rana shekara ashirin ba zai tafi kansa a rufe ba. Kada a gina mini hubbare a jerin na kakanni. Tokata kuma kada a kai ta babban kogi mai tsarki. Ku jira rani, lokacin da ruwan madatsar ke ja har kan hasumiyar ɗakin ibadar Amliya ya leƙo. Ku ɗauki kwalekwale ɗaya, ku biyu, ku zuba ni a can. Sun fi ni cancantar su zauna a garinsu, amma ni kaɗai ne zan iya komawa.

Ba zan ɓoye muku ba, ba na sa rai sosai. Shekara goma sha shida ina tsaye gaban allo, na san fuskar wanda darasi ya shige shi, na san ta wanda ke jiran ƙararrawa. Ina jin Himmat zai karanta wannan ya ce tsoho ya yi ta'asarsa ya bar mini wanki, kuma bai yi ƙarya ba. Ina jin Sugan ba za ta iya haƙurin kwana goma sha biyu ba. Na ba ku ilimi mai kyau, na kasa ba ku misali. Duk da haka malami ba ya fita aji bai rubuta aikin gida ba, ko da ya san ba za a yi ba.

Ubangiji ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya ba Himmat zuciyar da ta fi tawa ƙarfi, ya ba Sugan harshen da ya fi nata laushi. Ya sa ku tsufa kuna cin abinci a faranti ɗaya. Ku biyu kaɗai kuka rage a gidan nan. Ƙasa ta tafi, laƙabi ya tafi, kujera ta tafi, kada ku bari ku ma ku tafi wa juna. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, ƙarami ne. Nawa ba ƙarami ba ne, ku yafe in kun iya.

Wanda ya yi mini wanka ya cire mabuɗin daga wuyana ya miƙa wa Himmat a gaban Sugan. Daga wannan lokacin kwanakin suka fara. Deva yana can yana jira, kuma babu inuwa a tudun nan.

Mahaifinku,
Jorawar Singh